Faifai, NAS, Kaset ko Gajimare: Ina Ya Kamata Ma'aikata a Katsina Ta Ajiye Kwafin Bayananta?

Ranar da na fara ɗaukar maganar nan da muhimmanci, ina tsaye ne a cikin wani shagon sarin magani a cikin garin Katsina. An maido da wuta cikin dare da ƙarfin da ya wuce ƙima, kwamfutar da ake lissafin shago a kanta ta ƙone. Yaron shago ya ce kada a damu, akwai kwafi, ya nuna mini wani ɗan faifan ajiya baƙi da ke rataye a bayan kwamfutar. Wata takwas yana jone a wurin, ba a taɓa zare shi ba. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Alhaji ya daɗe yana kallon faifan nan a tafin hannuna, sannan ya ce, "Malam, kayan da ke bisa kantar nan ko gobe ina iya sa yara su ƙirga mani. Waɗanda nake bi bashi fa, wa zai ƙirga mani su?" Mun tattaro wani abu daga tsofaffin rasit da abin da yara suka iya tunawa. Sauran ya tafi ke nan.

Tun daga lokacin, tambaya ɗaya nake sha a wurin masu asibitoci masu zaman kansu, makarantu, kamfanonin casar shinkafa da ƙananan bankuna: me za mu saya? Wani an ce masa ya sayi NAS, wato akwatin ajiya na ofis, wani ɗansa da ke karatu a waje ya ce komai a tura gajimare, wato ma'ajin haya ta intanet, wani kuma ɗan kwangila ya kawo masa takardar SAN, tsarin ajiya na manyan ma'aikatu, mai kuɗin da zai gina gida a Ƙofar Ƙaura. Duka suna da amfani, amma ba ga mutum ɗaya ba. Kafin a kai ga sunan na'ura, sai an amsa waɗansu tambayoyi.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko: aikin awa nawa za ka iya jure asararsa? In kwafinka na ƙarshe na daren jiya ne, na'ura ta mutu yau da la'asar, duk abin da aka shigar tun safe ya tafi. Makaranta tana iya sake shigar da makin yini guda. Bankin da ke karɓar ajiyar mutane ba zai iya cewa ya manta wanda ya zuba kuɗi da hantsi ba. Masu sana'ar suna kiran wannan RPO.

Na biyu: awa nawa za ka iya zama aiki a tsaye kafin a dawo da komai? Shi ne RTO, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, don kowa yana tunanin yadda zai ajiye, ba wanda ke tunanin yadda zai ɗauko. Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. Terabait ɗaya, wato gigabait dubu, in za ka jawo shi ta intanet mai gudun megabit 20, zai ci fiye da kwana huɗu da rabi, dare da rana, in layin bai tsinke ba ko sau ɗaya. A megabit 100, kusan awa 22. A kan wayar cikin ofis mai gigabit 1, kamar awa biyu da rabi. Wannan bambancin shi ne rabin hukuncin.

Na uku kuɗi, amma ba kuɗin ranar saye kaɗai ba. A lissafa shekara biyar: faifan da za a canza, batir, wuta, data, albashin mai kula. A kuma duba ko da naira ake biya ko da dala. Wanda ya ɗauki hayar ajiya da dala a farkon 2023, lokacin da farashin gwamnati ke wajen naira 460, ya wayi gari a 2024 yana biya a kan sama da 1,500, alhali bai ƙara ko fayil ɗaya ba.

Na huɗu juriya a irin yanayinmu. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina yana haura digiri 40, kuma yawancin ƙananan na'urorin ajiya iyakar da masu ƙera su suka rubuta ke nan. Da hunturu ga ƙura. Ga wutar da ke zuwa ta tafi. Ba a manta ba, a ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta.

Na biyar: wa zai kula? Tsarin da ke buƙatar injiniya, a wurin da sakatare ne kaɗai ke zama kullum, ya mutu tun ranar da aka kafa shi.

Na shida, wace masifa yake karewa? Ba iri ɗaya ba ce: mutuwar faifai, kuskuren ma'aikaci da ya goge abu, gobara ko ambaliya ko sata, manhajar garkuwa da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, sai yankewar sabis. Babu zaɓi ɗaya da ke tare duka biyar. Shi ya sa aka daɗe da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani wuri daban. Yanzu an ƙara sharaɗi: ɗaya daga ciki ya zama a cire yake daga kowace waya, ko a kulle shi yadda ba mai iya goge shi.

Akwai kuma doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanai ƙasar waje, kuma ta ce a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 in an samu ɓarakar da za ta iya cutar da mutane. Mai asibiti da mai makaranta, wannan ya shafe ku kai tsaye.

Faifan hannu da ake juyawa

Wannan shi ne mafi araha, kuma ina kare shi a gaban masu raina shi. Faifai mai terabait 4 yana wajen dala 100 da 'yan kai. Ba ya buƙatar intanet, ba ya cin wuta in an cire shi, kuma manhajar garkuwa ba ta da hanyar isa ga abin da ke kwance a cikin durowa a gida. Ɗauko bayanai daga cikinsa ma da sauri ne, terabait ɗaya cikin awa biyu zuwa uku.

Sharaɗinsa kawai a juya shi. Aƙalla guda uku: ɗaya yana ofis yana karɓar kwafin yau, ɗaya yana gidan manaja, ɗaya yana hutawa da kwafin ƙarshen wata. A rubuta musu suna da alƙalami mai kauri. A kulle abin da ke ciki da BitLocker ko makamancinsa, domin faifan da ke yawo a aljihun babur wata rana zai faɗi, kuma bai kamata wanda ya tsinta ya karanta sakamakon gwajin jinin mutane ba.

Rauninsa biyu ne. Ba ya son faɗuwa. Daga kan tebur zuwa ƙasa ya isa ya kashe shi, kuma bayan shekara uku zuwa huɗu ni ba na ƙara amince masa. Na biyu ya fi tsanani: ya dogara ga ɗan Adam. Makon farko kowa na da himma. Da an shiga azumi ko hidimar biki sai a fara cewa gobe. In bayananka sun wuce kwamfuta biyu ko uku, ka wuce wannan matakin a matsayin ginshiƙi, sai dai ya zama ƙari.

NAS: akwatin ajiya a kan wayar ofis

A nan zan daɗe, don shi ne ya fi dacewa da mafi yawan waɗanda ke tambayata, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta.

NAS ɗan akwati ne mai ɗaukar faifai biyu, huɗu ko fiye, ana jona shi a suwic ɗin ofis, kowace kwamfuta ta riƙa ganin sa. Synology da QNAP su ne aka fi sani. Akwatin mai gurbi biyu yana wajen dala 300, mai huɗu dala 500 zuwa 700, ban da faifan ciki. A sayi faifan da aka yi don wannan aikin, irin su WD Red Plus ko Seagate IronWolf, a guji na kwamfutar gida. Araha ba ta ado a nan.

Amfaninsa babba shi ne ya cire hannun mutum daga aikin. Da kansa yake jawo kwafin kowace kwamfuta da saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) a lokacin da aka tsara masa, ko kowace awa in ana so. Yana kuma iya ɗaukar hoton yadda fayiloli suke a wani lokaci, ya ajiye su jere, ta yadda in akawu ya lalata takardar albashi ranar Laraba, za a koma ta ranar Talata cikin minti biyu. Dawo da babban abu ma a kan wayar ofis ne, ba ruwanka da sabis.

To ga inda ake ruɗewa. Mai sayarwa zai ce maka, "Yana da RAID, ko faifai ya mutu ba abin da zai same ka." Gaskiya ne, amma rabinta. RAID tsari ne na haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, kuma iri-iri ne: RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a faifai biyu. RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 yana jure biyu. Iyakarsa ke nan. In an goge fayil, a duka faifan aka goge. In wuta ta yi tsalle, akwatin gaba ɗaya ta samu. In ɓarawo ya shigo, a hammata zai saƙale shi. In da NAS ɗin ne kaɗai wurin da fayil yake, to ba ka da kwafi, kana da ma'aji mai kyau ne kawai. Kuma da faifai manya irin na yanzu, sake gina RAID 5 bayan mutuwar ɗaya yana iya cin yini ko fiye, a lokacin ne kuma sauran faifan, waɗanda sa'o'in wanda ya mutu ne, ke shan wahala mafi yawa. Shi ya sa in gurbi ya kai biyar ko shida nake cewa RAID 6.

Haɗari na biyu shi ne buɗe shi ga intanet don oga ya riƙa duba fayil daga gida. A 2021 manhajar garkuwa mai suna Qlocker, sannan DeadBolt a 2022, sun bi na'urorin QNAP da ke buɗe ga intanet suna kulle su a ƙasashe da dama. In dole a shiga daga waje, a bi ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai kulle a cikin intanet. A kashe asusun shugaba na asali, a sa tantancewa mai mataki biyu, a riƙa sabunta manhajarsa.

Sai yanayi. Na taɓa buɗe wani NAS a wata makaranta a ƙarshen watan Janairu, a ɗakin da tagarsa ke kallon fili. Fankar bayansa ta daina juyawa, ƙura ta daskare a jikin fukafukanta kamar an yaɓa ƙasa, faifan ciki kuwa da zafi har ba ka iya riƙe shi. Fitilar gaba tana ta ƙyafta ruwan lemo, an manna mata takarda don tana damun mai zama a wurin. Ba sakaci ba ne irin na mugunta, ba wanda ya taɓa gaya masa ma'anar fitilar. Saboda haka duk wanda zai sayi NAS ya sa waɗannan a cikin kasafi tun farko: UPS mai wayar USB da zai gaya wa akwatin ya kashe kansa cikin natsuwa in batir ya yi ƙasa, na'urar tare tsallen wuta, inbata ko sola, ɗaki mai rufaffiyar taga, da hura ƙura duk wata uku. Alhamdu lillahi ba ya cin wuta sosai, mai gurbi huɗu bai fi 'yan gomomin wat ba, ƙaramar sola ta riƙe shi.

In ma'aikata tana da reshe, NAS biyu sun fi ɗaya nesa ba kusa ba. Ɗaya a Katsina, ɗaya a Daura, tsakaninsu kusan kilomita 80, na farko yana tura wa na biyu abin da ya canza kawai cikin dare. Kwafin farko a yi shi su biyun suna ɗaki ɗaya, sannan a ɗauki na biyu a mota. Wannan tazarar ta isa ta raba su da gobara ɗaya, ambaliya ɗaya, ɓarawo ɗaya. Wanda ya ga abin da gobarar babbar kasuwar Katsina ta yi a watan Maris na 2021, ko ambaliyar Jibiya ta 2018, ba ya buƙatar dogon bayani kan amfanin haka. A kula dai, duka garuruwan biyu a ƙarƙashin kamfanin wuta ɗaya, KEDCO, suke, don haka kowanne ya tsaya da wutarsa. Kuma kalmar sirrin na biyu ta bambanta da ta na farko.

SAN

Wannan ba na kowa ba ne. NAS fayiloli yake rabawa. SAN kuwa yana ba manyan saba fili ne kamar faifan cikinsu, ta wata hanyar waya ta daban, ko dai Fibre Channel mai gudun gigabit 16 ko 32, ko iSCSI a kan waya mai gigabit 10 zuwa sama. Yana da kwakwalwa biyu da hanyar wuta biyu, in ɗaya ta faɗi ɗaya ta ci gaba. Shi ne ke sa saba ta mutu, aikinta ya koma kan wata ba tare da mai karɓar kuɗi a kanta ya lura ba.

Da wuya a haɗa ƙarami a ƙasa da dala 10,000, ban da suwic, lasisi da kwangilar gyara. Yana son esi dare da rana da injiniyan da ya san shi, kuma kayan gyaransa daga Legas ko waje suke zuwa. Jami'a, babban asibitin koyarwa ko cibiyar bayanan gwamnatin jiha suna da hujjar saye. Wanda sabarsa ba ta wuce biyu ba, ba shi da ita. Kuma a sani, SAN maganin tsayawar aiki ne, shi ma sai an yi masa kwafi a wani wuri.

Kaset na LTO

Mutane suna mamaki in na ce har yanzu manyan kamfanonin duniya suna ajiya a kaset. Kaset ɗaya na LTO-8 yana ɗaukar terabait 12, na LTO-9 terabait 18, tun kafin a matse bayanan, kuma kuɗinsa yana kusa da dala 100. Ba abin da ya kai shi araha a kan kowane terabait. Da an zare shi an sa a akwatin ƙarfe, ba ɗan kutsen da zai taɓa shi. Masu yin sa suna cewa yana kai shekara 30.

Amma injin karanta shi dubban daloli ne, kuma shekara 30 ɗin nan a ɗaki mai sanyi ne marar ƙura, ba a sito mai rufin kwano ba. Ƙura ce babbar abokiyar gabar kan injin. Sannan injunan LTO-8 da LTO-9 tsara ɗaya kawai suke komawa baya: injin LTO-9 yana karanta kaset na 8, ba ya karanta na 7. Ke nan duk bayan 'yan shekaru sai an kwashe tsofaffi zuwa sababbi. Neman fayil ɗaya a cikinsa ma yana da jinkiri. In abin da kake ajiyewa bai kai terabait 50 ba, ni ban ga dalili ba. Gidan talabijin mai tarin bidiyo, sashen hoton asibiti, ko ma'ajiyar takardun tarihi da aka ɗauka a hoto, su ne mutanensa.

Gajimare

Ma'anarsa hayar fili a cibiyar bayanan wani. Ba ka sayen ƙarfe, ba ka hura ƙura, ba ruwanka da janareta. Ta fuskar nisa da gobarar ofishinka, ba na biyunsa. Yawancin masu bayar da shi suna da tsarin kulle kwafi na adadin kwanaki, yadda ko wanda ya sace kalmar sirrin shugaba ba zai iya gogewa ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin sa shi cikin tsari.

Farashi ya bambanta ƙwarai. Ajiyar yau da kullum ta Amazon S3 tana wajen dala 23 kan terabait a wata, kuma in ka zo jawo kayanka akwai kuɗin fita, kusan dala 90 kan terabait. Backblaze B2 da Wasabi suna wajen dala 6 zuwa 8. Akwai ajiya mai zurfi irin Glacier Deep Archive da ke kusan dala 1, sai dai in ka nema za ka jira awa 12 ko fiye kafin a fara ba ka. Manyan cibiyoyin Amazon, Microsoft da Google mafi kusa da mu a nahiyar nan suna Afirka ta Kudu. A cikin gida akwai Rack Centre da MDXi (yanzu ƙarƙashin Equinix) a Legas, da Galaxy Backbone ta gwamnatin tarayya. Na gida sun fi sauƙin sha'ani ta fuskar doka, kuma ana iya samun yarjejeniya da naira. A nemi farashi a rubuce, a tambayi a wane gari kwafi na biyu yake.

Wannan tambayar ta ƙarshe ba ƙawa ba ce. A watan Maris na 2021, watan da kasuwarmu ta ƙone, gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa. Waɗansu abokan cinikinsa sun rasa komai, domin kwafin da suke taƙama da shi a harabar guda yake da na asali.

Babban rauninsa a wurinmu dai hanya ce. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya suka shiga wahala. Mu kuma muna da namu na gida: a watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, ciki har da Funtuwa, Malumfashi, Dutsin-ma da Jibiya, aka yi watanni a haka. Duk wanda bayanansa ke gajimare kaɗai a waɗannan wurare, yana da su amma ba shi da su. Starlink, da ya shigo Najeriya a farkon 2023, ya rage wannan damuwar ga mai hali, faiba ma tana ƙara yaɗuwa a cikin birni, amma lissafin kwana huɗu da rabi yana nan ga mai ƙaramin layi.

Abu ɗaya kuma: Google Drive ko OneDrive da ke daidaita fayil tsakanin kwamfuta da intanet ba kwafin ajiya ba ne cikakke. In ka goge a nan, ya goge a can. Kwandon sharar Google Drive kwana 30 yake riƙe abu. In ba a lura ba sai bayan zangon karatu, an makara.

A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Kuɗi | Juriya a nan | Sauƙin kulawa | Saurin dawowa | Inda yake da rauni |
|---|---|---|---|---|---|
| Faifan hannu uku | Kaɗan, sau ɗaya | Shekara 3 zuwa 4, ba ya son faɗuwa | Sauƙi, amma sai an tuna | Awanni | Mantuwa, ɓata |
| NAS ɗaya | Matsakaici | Mai kyau in da UPS da tsabta | Matsakaici | Mintuna zuwa awanni | Gobara, sata, kutse |
| NAS biyu a gari biyu | Ninki biyu, da data | Mai kyau | Yana son mai sani | Awanni | Layin tsakani |
| SAN | Mai yawa ƙwarai | Sai da esi kullum | Sai injiniya | Kusan nan take | Tsada, kayan gyara |
| Kaset LTO | Inji da tsada, kaset da araha | Shekaru, in ɗaki da sanyi | Yana son tsari | Awanni zuwa yini | Ƙura, canjin tsara |
| Gajimare | Kowane wata, galibi da dala | Ba ruwansa da yanayinmu | Sauƙi bayan kafawa | Ya danganta da layi | Sabis, canjin kuɗi |

Abin da jadawali ba ya nunawa

A watan Yunin 2017 manhajar NotPetya ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk ta lalata dubban kwamfutoci da saba. Sabobin da ke riƙe da rajistar shiga ta dukan kamfanin suna kwafar juna ne, don haka tare suka tafi. Wadda ta tsira guda ɗaya ce, a ofishinsu na Gana, kuma abin da ya tsirar da ita ɗaukewar wuta ce da ta raba ta da sauran a lokacin harin. Da ita aka sake gina kamfanin. Asarar ta kai wajen dala miliyan 300. Abin da ya cece su bisa ƙaddara, mu sai mu yi shi da gangan: kwafi ɗaya a cire.

Sannan gwaji. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wata Hajiya mai makaranta ta taɓa ce mini, "Malam, kullum sai yarinyar nan ta yi kwafi kafin ta tashi, ni shaida ce." Gaskiya ta faɗa. Da muka buɗe filash ɗin, abin da ke ciki 'yar alamar gajeriyar hanya ce ta kan allo, mai kilobait biyu, ba ainihin fayilolin ba. Shekara guda yarinyar tana yin abin da aka nuna mata da zuciya ɗaya. Allah Ya sa kwamfutar tana da rai muka gano. Don haka duk wata uku a ɗauki wata kwamfuta daban, a dawo da bayanai a kanta, a buɗe manhajar lissafi ko ta marasa lafiya a ga tana aiki, a duba agogo a rubuta awa nawa aka ci. A kuma rubuta matakan a takarda, da lambobin waɗanda za a kira, a sa mabuɗan sirri a ambulan a rufe a wurin mutum biyu amintattu. Kwafin da aka kulle aka rasa mabuɗinsa daidai yake da babu.

Wa ya dace da me

Shago, kantin magani ko ofishin lauya mai kwamfuta ɗaya zuwa uku: faifan hannu uku da ake juyawa, da ƙaramin fili a gajimare don fayil ɗin lissafi kaɗai, wanda galibi bai kai gigabait kaɗan ba, ko datar waya ta tura shi.

Makaranta, asibiti mai zaman kansa ko kamfanin casa mai kwamfuta goma zuwa hamsin: NAS mai gurbi huɗu da UPS, muhimman bayanai su hau gajimare mai kulle kowane dare, faifan hannu ɗaya na ƙarshen wata ya kwana a wani gida. Mai asibiti ya fara duba cibiyoyin cikin gida saboda doka.

Mai rassa a Katsina da Daura ko Funtuwa: NAS biyu masu tura wa juna, da kwafi na uku a cire. In dala tana ba ka tsoro, wannan ne zai fi kwantar maka da hankali, don yawancin kuɗinsa sau ɗaya ake biya.

Wanda ke ƙaramar hukumar da sabis ba shi da tabbas: kada ya jingina da gajimare. NAS a ofis, faifai biyu suna zuwa birni suna dawowa duk mako a hannun amintacce.

Ƙaramin banki ko duk mai riƙe da kuɗin jama'a: kwafin rumbun bayanai kowane minti goma sha biyar ko ƙasa da haka, saba ta biyu a shirye a wata cibiya a Kano, Abuja ko Legas, layin intanet biyu daga kamfani biyu, da gwajin komawa can aƙalla sau biyu a shekara.

Jami'a, babban asibiti ko ma'aikatar gwamnati mai saba da yawa: SAN don aikin yau da kullum, ma'aji na daban don kwafi da manhaja irin Veeam, wurin komawa a wani gari, sannan kaset don abin da doka ko tarihi suka ce a riƙe shekaru.